Ƙafar da Ba a Kallo

Tsinke ake kiranta, kuma yayanta ne ya laƙaba mata, don tun tana ƙarama in ta juya gefe sai ka nemi inda ta shiga. Sunan ya bi ta makaranta, ya bi ta har ƙasar waje, inda aka yi ta murɗe harshe wajen faɗarsa. Mutum ɗaya ne bai taɓa kiranta da shi ba, wato babanta, kafintan da shagonsa ke ƙarshen layinsu. Shi Uwata yake ce mata, komai girman ɓarnar da ta yi.

Ɓarna kuwa ta yi ta. Babu bangon gidan da bai sha gawayi a hannunta ba, har bayan ƙofar banɗaki sai da ta jera wa mutane masu ƙaton kai da siraran ƙafafu. Mama ta wanke, ta yi faɗa, ta sake wankewa, ran nan ta gaji ta nuna mata hanya, ta ce ta je ta ɓata wa ubanta katako tunda shi ne mai ɗaure mata gindi. Ashe gata aka yi mata. A shago ta tarar da tulin guntayen katako da ba mai so, ga kuma jan fensir mai faɗi da Baba ke maƙalawa a kunne. In ya gajarce sai ya fiƙe shi da wuƙa ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba. Ta zana zarto, ta zana guduma da gwangwanin gam, ta zana kyanwar telan da ke maƙwabtaka da su, daga nan ta koma kan masu zuwa ciniki. Baba yakan ɗaga katakon ya yi nesa da shi, ya ce hancin ya yi yawa amma dai mutumin ne. Iyakar yabonsa ke nan. Sai dai wanda ya burge shi, washegari za ta gan shi an buga masa ƙusa a bangon ciki.

To, akwai abu ɗaya game da kafintan nan da dole a faɗa, ko da yake a gidansa ba a faɗa. Yana ɗingishi. Tun yana saurayi ya faɗo daga saman gini suna aikin rufi, ƙafa ɗaya ta warke a gajarce. Duk layin an sani, kuma duk layin an koyi yin kamar ba a sani ba, don mutum ne mai zuciya. Ya tsara shagonsa yadda komai ke kusa da hannunsa: zarto nan, ƙusoshi nan, abin awo rataye a gefen benci. In mai ciniki ya shigo zai same shi ko a zaune ko a tsaye jikin benci, kuma ba zai taka ko nan da can ba sai mutum ya fita. Ba ya raka baƙo. Wasu suka ce girman kai ne, shi kuwa ya fi son a ce hakan. Da sassafe yake fita kafin layi ya cika, ya dawo da yamma lis lokacin da hankalin kowa ya koma gida. Mai gyaran takalma yana ƙara masa tudu a ƙarƙashin ƙafa ɗaya, Mama ce ke kaiwa a cikin leda ta kuma karɓo.

Sau ɗaya Yaya ya kwaikwayi tafiyar a tsakar gida don ya ba yara dariya. Abin da Mama ta yi masa ran nan, har yau in an tuna sai ya shafa kunne. Amma ba dukan ne ya tsorata su ba. Baba ya gani ta taga, ya yi kwanaki yana cin abincinsa a shago shi kaɗai. Tun daga nan doka ta kafu ba tare da kowa ya furta ta ba: in Baba na tafiya, ido ba ya sauka ƙasa.

Tsinke ta bi dokar sau da ƙafa. Kullum da yamma takan zauna a dokin ƙofa tana jiran ya ɓullo daga ƙarshen layi, ya nufo ta, kafaɗarsa na sauka tana tashi. Fuskarsa take kallo da kafaɗar. A wurinta babu wani abin mamaki, haka uba yake dawowa gida.

A sakandare wata malamar zane ta ga littafinta na lissafi, wanda zane ya fi lissafi yawa a ciki, maimakon ta kai ƙara sai ta ba ta ragowar fenti da burushi guda biyu da suka soma zubar da gashi. Nan fa aka shiga wani sabon tashin hankali. Babu mayafin Mama da bai samu ɗigon shuɗi ba, gida kullum warin kananzir ɗin wanke burushi. Mama ta ce ita dai ta haifi mai fentin gida ba ta sani ba. Baba bai sa baki ba, amma wata safiya Tsinke ta tashi ta tarar da abin jingine allo mai ƙafa uku a bakin ɗakinta, an goge shi sumul. Da ta je godiya sai ya ce ragowar katako ne ya rasa yadda zai yi da shi.

Da shi ta shiga kwalejin zane. Can ta gane ashe abin da take taƙama da shi wasan yara ne. Aka sa ta zana kwalba ɗaya har ta tsani kwalba, aka koya mata cewa inuwa ba baƙa ba ce, aka yaga mata aikin da ta yi zaton ya fi na kowa. Ta yi kuka, ta yi fushi, ta koma. Kafin ta gama, in ta zana fuskar mutum sai matarsa ta gane abin da yake tunani. Ta zana Baba da fenti har sau da yawa, kuma a kowane hoto a zaune yake, benci ya rufe shi daga ƙugu zuwa ƙasa.

Zane mai motsi kuwa da wasa ya shigo mata. Tana zaune a lacca mai sa barci ta zana kyanwar tela a kusurwar kowane shafi na wani ƙaton littafi, da ta saki shafukan da babban yatsa sai kyanwa ta yi tsalle. Wallahi ji ta yi kamar an buɗe mata wata ƙofa a cikin ƙirji. Ta tare a ɗakin kwamfuta na kwalejin, inda na'urorin suka tsufa har sai ka lallashe su, ta mai da tsallen kyanwar ɗan gajeren fim. Shi malamanta suka tura gasa, shi ya jawo mata tallafin karatu a ƙasar waje.

Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki, wai katun za a je karantowa a jirgin sama, alhali su suna kallonsa a waya kyauta. Amma shi ne ya zaga layin yana ba kowa labari, har da waɗanda ba su tambaya ba. Mama ta cika akwati da rigunan sanyi. Baba ya ƙera mata ɗan akwatin burushi mai murfin zamiya. Ranar tafiya ta je shago sallama, mota na jira a bakin titi. Ya yi mata addu'a yana tsaye jikin benci, ya ce Allah ya kiyaye hanya, bai tako ko bakin ƙofa ba. Ta san dalili sarai, amma duk da haka abin bai bar ranta ba har cikin jirgi.

Ƙasar da ta je, sanyinta ba ya jin magana. Ɗakinta ɗan mitsitsi ne, in ta miƙe hannuwa sai ta kusa taɓa bango biyu. Amma ɗakin aikinsu a makaranta ya biya ta: tebura jere, kowanne da gilashi da fitila a ƙarƙashi, don ka ɗora takarda kan takarda ka ga zanen baya ta cikin na gaba. Malaminsu wani tsoho ne mai tabarau a rataye a wuya, ba ya yabo, ba ya faɗa, sai dai ya ce a sake. Tsinke ta ji kamar ta san irinsa. Cikin ɗan lokaci aka gane duk ajin babu mai hannunta, ita ma ta gane, kuma ba za a ce kanta bai ɗan kumbura ba.

Sai aka zo darasin tafiya. Aikin ba wuya a baki: a zana mutum yana tafiya, tafiya kawai, ba gudu ba rawa. Ta yi nata cikin kwana kaɗan tana tausaya wa masu fama. Ranar da aka haska aikin kowa a bango, mutuminta ya fito ya ratsa allo, sai tsohon ya ce a mayar baya. Ya sa tabarau. Ya ce ɗingishin ya yi kyau ƙwarai, abu ne mai wuyar zanawa, amma shi tafiya ta yau da kullum ya nema, me ya sa ta ƙara wa kanta aiki?

Ta ce ai ba ɗingishi yake yi ba.

Wasu suka yi dariya. Tsohon bai yi ba. Bayan aji ya watse ya kira ta, ya buɗe ayyukanta na baya ɗaya bayan ɗaya: mace mai kwando, ɗan makaranta, ɗan sanda, duk wanda ta taɓa sa wa ƙafa ya taka. Kowannensu kafaɗarsa na sauka gefe ɗaya tana tashi. Ya tambaye ta a hankali, wa ke tafiya haka a gidansu?

Ta ce babu kowa. Ta kwashe takardunta ta fita, kunnuwanta na zafi, tana jin kamar an leƙa ɗakin iyayenta ba sallama. Ta tsinci kanta a tashar jirgin ƙasa, ta zauna a benci, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta: ta sunkuyar da ido tana kallon ƙafafun mutane. Ga su nan, dama da hagu daidai wa daida, ba mai jiran wata. Ashe ita ba Baba kaɗai ta daina kallo ba, ƙafar kowa ta daina kallo. Ta yi kuka a wurin, har wata tsohuwa ta miƙo mata takardar share hanci.

Zangon karatu guda ta yi tana koyon abin da yaro ya sani. Kullum tana tasha da littafin zane, yatsu na ƙanƙara. Ta iya tafiyar mai sauri, ta mai ciki, ta wanda takalmi ya matse, ta wanda aka yi wa ƙarin girma da safe. Tsohon ya daina cewa a sake. Amma in ta kalli mutanen nan nata masu tafiya sumul, sai ta ji duk baƙi ne, babu wanda za ta zauna a dokin ƙofa ta jira.

Shi ya sa da shekarar ƙarshe ta zo, aka ce kowa ya yi fim ɗin da zai fita da shi, ba ta yi dogon tunani ba. Kafinta ne zai fito daga gida da sassafe ya tafi shago. Shi ke nan labarin. Tsohon ya duba zanen farko, ya ce mutumin nan yana raye, ya kamata ta nemi izinin wanda ta zana kafin a haska wa jama'a. Ta fara gwada Mama a waya.

"Kada ki kuskura," in ji Mama. "Abin da mutum ya rufe tun kafin a haife ki, shi za ki ɗora a bango baƙi su yi kallo? Kin manta kwanakin da ya daina cin abinci da mu?"

Ba ta manta ba. Amma hannunta ya ƙi zana wani abu dabam. Ta yi wa kanta alkawari za ta kai aikin gida lokacin hutu ta nuna masa. In ya ce a'a, za ta goge, ta maimaita shekara. Maimaita shekarar bai dame ta ba kamar tunanin ya dube ta ya kira ta da wani suna ba Uwata ba.

Ta dawo gida aka yi murna, Yaya ya ce sanyi ma bai iya ƙara mata ƙiba ba. Kwanaki suka yi ta wucewa, kwamfuta na cikin jaka. Kullum sai ta ɗauka ta kai bakin ƙofa ta mayar. Sai da hutun ya kusa ƙarewa, wata rana bayan an tashi daga makaranta, layi cike da yara da masu talla, ta rungumi jakar ta nufi shago. Mama ta ja mayafi ta biyo ta, ta tsaya daga bakin ƙofa.

Tsinke ta share garin katako daga kan benci da gefen hannu, ta ajiye kwamfutar, ta ce Baba ga aikin da take son fita da shi, amma sai in ya yarda. Ta kunna.

Ƙofa ta buɗe a allo. Wani mutum ya fito da jan fensir a kunne, ya duba layi dama da hagu, babu kowa, sannan ya taka. Kafaɗa ta sauka, ta tashi. Ba ta rage komai ba, ba ta kuma ƙara ba. Ya wuce shagon tela a rufe, kyanwa ta bi shi da ido, ya isa ƙofarsa ya ciro makulli, ya gyara tsayuwa kamar wanda ya sauke kaya.

Fim ya ƙare. Ba abin da ake ji sai keken tela ta bayan bango. Baba ya ce ta sake kunnawa. Ta sake. Ya cire fensir daga kunne ya juya shi a hannu.

"Wannan wane ne?"

"Kai ne, Baba."

"Ba ni ba ne."

Ta kai hannu za ta rufe kwamfutar, Mama kuwa ta riga ta fara cewa ai dama ta gaya mata.

"Ta hagu ce," in ji Baba. Ya nuna allon da fensir. "Kin ɗora wa ta dama. Baiwar Allah, ita ta ɗauke ni duk shekarun nan ba ta taɓa yin ƙorafi ba, yau kuma ki tashi ki yi mata sharri a gaban duniya?"

Tsinke ta sake duban allon. Nan take ta ga inda kuskuren ya fito. Daga dokin ƙofa take ganinsa yana fuskantarta, kafaɗar na sauka ta wajen hannunta na dama, sai ta riƙe dama a kanta tun tana yarinya. Da ta zo juya shi gefe a takarda, sai ta ba ƙafarsa ta dama. Ta zana ƙafafun mutanen tasha ba adadi, amma tasa ba ta taɓa gani ba.

Ya tambaye ta yadda aka yi mai ido irin nata ba ta san ƙafar ubanta ba. Ba da faɗa ya yi tambayar ba, da gaske yake son sani.

"Ba a kallo, Baba," ta ce.

"Wa ya hana?"

Mama ta kau da kai tana gyara mayafin da ba abin da ya same shi. Baba ya dubi matarsa, ya dubi 'yarsa, ya dubi zanukan katako da ke bangon ciki, waɗanda ƙura ta rufe, ya daɗe a haka. Sannan ya mai da fensir kunne, ya dafa benci ya miƙe.

"Ɗauko takardarki, Uwata. Ki zauna can gefe inda za ki gani da kyau. Ba za a kai ni ƙasar mutane da ƙafar da ba tawa ba."

Ya ratsa shagon, Mama ta matsa masa, ya fita layi da rana tsaka. Keken tela ya tsaya. Mai shagon kayan masarufi ya bar awo da gwangwani a hannu. Baba ya nufi gida a tsakiyar hanya, ba sauri, ba raɓe-raɓe, yana ɗaga wa kowa hannu yana gaisuwa da ƙarfi kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya. Da tela ya leƙo yana tambaya ko lafiya, sai ya ce lafiya lau, 'yarsa ce ke aikin makaranta, fim ɗinsa za a nuna a ƙasar waje.

Tsinke ta durƙusa a bakin kwata da littafi a gwiwa, ta sauke ido ƙasa. Ta ga yadda ta hagun ke sauka da gefe, yadda tudun takalmin ya cinye ta waje, yadda ta daman ke saurin zuwa ta karɓe nauyin. Hannunta na gudu a takarda, tana share ido da kafaɗa don kada ta rasa taku ɗaya. Ya kai ƙofar gida ya juyo, ya dawo ya tsaya a kanta yana haki kaɗan, ya tambaya ta gani ko ya sake. Ta ce ya sake. Ya sake.

Gyaran ya ci mata sauran hutun da rabin zango, don kowane zane sai da ta tayar. Fim ɗin ya fita, ta gama da sakamako mai kyau, yanzu haka tana aiki da wani kamfanin zane mai motsi, kuma in an kawo sababbin ma'aikata ita ake ba su ta koya musu tafiya. Yaya ya sa fim ɗin a wayarsa, babu wanda ya tsira daga kallo a layin. Amma in ka tambaye ta ranar da ta fi alfahari da ita, ba ranar bikin kammalawa za ta ce maka ba. Ranar komawarta ce bayan hutun nan. Mota na jira a bakin titi, ta je shago sallama kamar wancan karon, sai ta tarar ya riga ya sa kwaɗo a ƙofa. Ya karɓi akwatin burushin daga hannunta, ya ce ta wuce su je kada direba ya gaji da jira, ya raka ta har bakin titi.